Rami Sittin da Uku

Damina uku ke nan da aka zagaye tudun bayan cibiyar da waya, kuma damina uku ke nan ko tsiro ɗaya bai fito a cikin shingen ba. Gwaggo ta fi kowa sanin haka, domin ita ke riƙe da mabuɗin ƙofar, ita ke shiga kowace safiya ta sunkuya tana duba ƙasa har bayanta ya riƙe. Shekararta ashirin da biyu tana renon tsirrai a cibiyar binciken itatuwan gida. Ko ƙofar jami'a ba ta taɓa shiga ba, amma in ta murza ganye da yatsa biyu za ta gaya maka ko ƙishirwa ke damunsa ko tsutsa. Sunan Gwaggo kuwa ɗan wanta ne ya jawo mata shi. Tun yana ɗalibi ta roƙa masa gurbin koyon aiki a wurin, yana biye da ita yana Gwaggo kaza, Gwaggo kaza, har masu gadi da direbobi suka ɗauka. Yau shi ne Dakta, shi ne shugaban sashe, ofishinsa har da labule.

A kan tudun akwai itatuwa goma sha tara, irin da ba a ƙara samunsa ko'ina a yankin. Sunansa na littafi dogo ne kamar igiyar guga, bai taɓa zama a bakin Gwaggo ba. Ita da leburori ƙahon-rago suke ce masa, saboda kwanson 'ya'yansa a murɗe yake. Duka sun tsufa. Da ashirin da ɗaya ne, biyu suka bushe a tsaye cikin shekarun nan, na uku kuma ɓawonsa ya fara ɗagawa. Tsofaffina, haka take kiransu, kuma abin da ke hana ta sukuni bai wuce ɗaya ba: kada su ƙare ɗaya bayan ɗaya ba su bar baya ba.

Saboda su aka samo tallafin. Wata gidauniya ce ke ba da kuɗi don a binciki tsirran gida, a kare su, a kuma koya wa yara darajarsu. Dakta ya zauna ya rubuta mata takarda shafi arba'in, ya nuna cewa awakin unguwar bayan tudu ne ke cinye 'ya'yan itacen kafin su tsiro. Magana ta shiga kunnen kowa, har na Gwaggo, kuma nan ne abin ya fi ci mata rai. Ita ta riƙe bakin tef ranar da aka auna shingen. Ita ta tari tsohon Mai Awaki a bakin hanya ta wanke shi tas a gaban leburori. Ita kuma ke tsayawa duk mako a gaban 'yan makarantar da ake kawowa a bas, tana koya musu cewa akuya ce babbar abokiyar gabar itace. Da tallafin aka kafa waya, aka gyara ɗakin gwaji, aka ɗauki mutum tara aiki.

Shingen kuwa ya yi aiki fiye da yadda aka sa shi. Kwanso ya riƙa zubowa yana taruwa a gindin tsofaffin, ba mai taɓa shi sai ƙwaro, ya huda irin ya cinye cikinsa ya bar fanko. Gwaggo ta kwashi masu kyau ta kai rumfar reno. Ta jiƙa da ruwan zafi, ta kankare bayansu da reza, ta goga a kan dutse. Cikin ɗari da ƙyar biyar su tsaga.

Bara ne, tana zagaya shingen ta waje don duba inda waya ta saki, ta ga abin da ya zaunar da ita. A kan 'yar hanyar da ragowar awakin tsohon ke bi zuwa rafi, ga tsiron ƙahon-rago nan kore shar, ya fito daga tsakiyar busasshen kashin akuya. Ashe iska kan jefo kwanso ta saman waya, awaki su tsinta. Ta ɗauki wani kashin ta murtsuke da yatsunta, sai ga iri a ciki, ya kumbura, bayansa ya yi laushi, ba hudar ƙwaro ko ɗaya. Ta daɗe zaune a ƙasa da kashin a tafin hannunta, kunya ta rufe ta duk da ba kowa a wurin.

Ba ta iya fuskantar tsohon ba, sai ta gwada da akuyar maƙwabciyarta. Ta kai mata kwanso, ta riƙa share kashinta kowace safiya, maƙwabciyar na kallonta kamar ta fara taɓuwa. Leda arba'in ta shuka, talatin da ɗaya suka tsiro. Amma da saiwarsu ta taɓa ƙasan leda ta nannaɗe, sai suka yi rawaya suka kwanta gaba ɗaya. Nan ta koyi abu na biyu: itacen nan ba ya son leda, ba ya son dashe, inda ya tsiro nan zai zauna ko ya mutu. Ta rubuta duka a littafin makaranta mai shafi sittin, da kwanan wata da komai, ta kai wa Dakta. Ya karanta, ya ce abin sha'awa ne ƙwarai, sai dai akuya ɗaya ba bincike ba ce. Ta roƙe shi to ko kashin ne ya bari ta watsa a cikin shingen. Ya ce filin gwaji ne, ko tsinke ba a shigarwa daga waje, in ba haka ba awo ya lalace. Ya jefa littafin a durowar ƙasa, inda yake ajiye cajar waya da kofin shayinsa. Ita kuma, da yake shi ne mai ilimi kuma ɗan Yaya ne, ta yi shiru, shirun da har yau take jin haushin kanta a kansa.

Bana tsiro sittin da uku suka fito a hanyar awakin. Kowanne ta kewaye shi da duwatsu don kada a taka. Awakin ba su kula su ba, da yake ganyen ɗaci gare shi ga kuma ciyawa ko'ina, kafin rani ya shigo kuwa sun yi ƙaya. Su ne kaɗai 'ya'yan da suka rayu wa tsofaffin cikin shekara uku.

Ranar Litinin Dakta ya aika a kira ta. Ofishin na nan yadda ta san shi: fanka na juyawa tana ɗaga takardu, taswirar tudun a bango, kusa da ita babban hoton shingen da wata akuya a waje tana leƙe, an ja mata jan layi a fuska. Ya ce ta zauna, ta ce tsayuwar ma ta isa. Ya gaya mata wakiliyar gidauniya za ta zo ranar Alhamis, kuma abin da ta gani shi zai sa a sabunta tallafin na wasu shekara uku ko a rufe. Sannan ya shiga kewaye-kewaye, ya tambayi ciwon gwiwarta, ya tambayi maigidanta, ya gyara biro a kan tebur. Da ya rasa inda zai sake bi, sai ya fito fili: tsirran nan na bakin hanya, yana so a mayar da su cikin shinge kafin Laraba da yamma.

Gwaggo ta janye hannun rigarta ta nuna masa daga yatsa zuwa gwiwar hannu. Ta ce tsiron da tsayinsa bai wuce taƙi ɗaya ba, saiwarsa ta wuce wannan tsawon a cikin ƙasa, kuma ba shebur ɗin da zai fito da ita bai datse ta ba. In aka datse, kwana huɗu ne, sun tafi. Ta ce ai ya sani, ya karanta littafin.

"Awa biyu kacal za ta yi, Gwaggo," in ji shi, idonsa a kan biron.

Da a ce ya musanta, da ya ce ba za su mutu ba, da ta samu abin riƙewa. Amma ya sani, ya auna kwana huɗu da awa biyu ya ga sun ishe shi.

"Dakta," ta ce. A gida Ɗan Yaya take ce masa, a ofis ma haka in ba baƙi, kuma ya san duk ranar da ta kira shi Dakta ba lafiya ba. "Bara ka ce ko tsinke ba a shigarwa. Wato kashin akuya ne ya haramta, ƙarya ta halatta?"

Ya sha jinin jikinsa, amma bai ja da baya ba. Ya ce rahoto shida ya aika wa mutanen nan, kowanne yana cewa awaki ne matsala, yanzu da wane baki zai ce musu kuɗinsu ne ya hana itacen haihuwa? Ya lissafa mata mutum taran nan da iyalansu, da bas ɗin yara, da na'urar ɗakin gwaji. Ya rantse in aka sabunta zai gyara komai a hankali, ba tare da an ji ba. Ta ce tsofaffin ba su da a hankali, na uku ma yana hanya. Ta ce hannun da ya jera duwatsun nan ba zai riƙe shebur ba, kuma duk leburan da ya taɓa su zai gamu da ita. Ta fita ta bar ƙofar a buɗe, takardunsa na tashi.

Da ta isa gida maigidan na zaune a baranda da tsohuwar rediyonsa a buɗe, wadda yake gyarawa tun da ya bar tuƙin mota. Kallo ɗaya ya yi mata ya janye ƙafarsa daga hanya, ya tambaya yau wa aka yanka, a ba shi ƙashi. Ba ta yi dariya ba. Tana cikin cire takalmi waya ta yi ƙara, Yaya ne, mahaifin Dakta. Ashe yaron har ya kai ƙara. Yaya ya yi ta magana da muryarsa ta babban wa, wai yaro ya kai inda ya kai da guminsa, kada ta kunyata shi a gaban baƙi, sunan gida ɗaya ne, itace kuma ai itace ne, in ya mutu a dasa wani. Ta tuna masa cewa shekarar da uwar yaron ta yi jinya, a bayanta yaron ya kwana ya tashi, ita ta share masa majina, saboda haka ba a waya za a koya mata sonsa ba. Ta kashe wayar yana tsakiyar magana, abin da ba ta taɓa yi masa ba tunda aka haife ta.

"Ki gaya wa matar gidauniyar mana," in ji maigidan, yana hura ƙura daga cikin rediyo. "Baki dai kina da shi, mu shaida ne."

Ta ce haka za a yi. Ta riga ta ga yadda abin zai kasance: za ta ja baƙuwar zuwa bakin hanya, ta nuna mata tsirran a cikin duwatsunsu, ta murtsuke mata kashi a hannu. Wanda ya ba da kuɗi don itace ya rayu, ai ba zai ƙi jin yadda yake rayuwa ba.

Laraba da safe aka ce ita za ta bi direba cikin gari ta karɓo allunan da za a kafa wa baƙuwa, wai ita kaɗai ta san yadda ya kamata a rubuta su. Mai buga allunan ya yi ta ja mata rai, yanzu fenti bai bushe ba, anjima injin ya tsaya. Sai da rana ta karkata ta gane an aike ta ne don ta bar wurin. Ko jiran motar ta gama tsayawa ba ta yi ba, ta sauka ta nufi bayan tudu da gwiwar da ake tambayar lafiyarta.

Ramuka ta tarar. An watsar da duwatsunta gefe, an lulluɓe kowane rami da busasshiyar ciyawa. Ta sa ƙafa ta ture ciyawar. A ƙasan kowanne ga bakin saiwa nan fari, datsattse, yana tsattsafo da ruwa. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana ƙirgawa ko an manta da wani. Rami sittin da uku, ba a manta da ko ɗaya ba.

Shugaban leburori ya zo ya tsaya nesa kaɗan, hularsa a hannu. Ya ce wallahi umarni aka ba su. Sannan, da yake mutum ne da ba ya iya riƙe magana, ya ƙara da abin da ba ta tambaya ba. Da suka shiga da tsirran, da mabuɗin da Dakta ya ba su, sai suka ja igiya suka dasa su a layi, taku uku-uku, yadda ita ta koya musu shekara da shekaru. Dakta ya zo ya dafe kai, ya ce tsiron da ya fito da kansa yaushe yake jeruwa kamar sojoji? Sai suka sake tono su duka, suka warwatsa su nan da can a gindin tsofaffin. Sau biyu ke nan aka tumɓuke su a rana ɗaya. Gwaggo ta buɗe baki za ta zage shi, ta rasa ta inda za ta fara, tunda layin ma tarbiyyarta ce. Ta wuce ofishin Dakta, ta tarar a kulle, motarsa ba ta nan.

Ranar Alhamis aka kafa rumfa, aka jera kujeru, aka shayar da tsirran tun da sassafe har suka ɗan miƙe. Kowanne an soka masa farin kwali mai lamba. Wakiliyar ta iso a kan lokaci, yarinya ce da ba ta wuce sa'ar 'yar Gwaggo ta fari ba, da takalmi mara tsini da littafi a hannu. Ta faɗi dogon sunan itacen ba tare da ta yi tuntuɓe ba, ta taɓa itacen nan da ɓawonsa ke ɗagawa ta girgiza kai. Wannan ya sa Gwaggo ta ji sanyi kaɗan, ta ce a ranta wannan ta san itace. 'Yan makaranta suka jeru suka karanto darasinsu da murya ɗaya, cewa akuya ce babbar abokiyar gabar itace, kalma bayan kalma yadda Gwaggo ta zuba musu. Ji ta yi kamar ana watsa mata ruwan zafi a fuska. Dakta na ta bayani yana nuni da sanda, bai yarda idonsa ya haɗu da nata ba ko sau ɗaya.

Da aka ce a koma rumfa a sha ruwa, wakiliyar ta ɗan tsaya a baya tana ɗaukar hoto. Gwaggo ta matsa kusa.

"'Yata, zo ki ga wani abu."

Ta sunkuya ta kama tsiro mai lamba sha bakwai da yatsa biyu. Ya fito ba gardama, kamar tsinke daga laka. Ta nuna mata inda shebur ya datse saiwar. Ta ja ta zuwa jikin waya ta nuna mata ramukan da ke waje. Ta gaya mata komai, kwanso da ƙwaro da kashin akuya da leda arba'in, ba ta ɓoye nata laifin ba, har tef ɗin da ta riƙe da tsohon da ta ci wa mutunci. Ba ta taɓa yin magana mai tsawo haka a gaban baƙo ba.

Wakiliyar ta saurara har ƙarshe. Sannan ta ce a hankali ta gani tun shigowarta, ƙasar gindin kowanne a kwance take, ganyen kuma ya sunkuya.

"Inna, ni na kai aikin nan gaban kwamitinmu," in ji ta. "Hoton shingen nan ne a bangon rahotonmu na bara."

Ta buɗe littafinta ta nuna mata fom ɗin. Akwai gurbin tsawon shinge, akwai na yawan tsiro, akwai na yawan yaran da aka koyar. Babu gurbin akuya. Ta ce in ta rubuta abin da ta ji yanzu, ba gyara za a yi ba, rufewa za a yi, a kai kuɗin wani wuri, daga nan kuma ba mai sake waiwayar tsofaffin. Shawararta ita ce a rubuta sabuwar buƙata a kan awakin, za a buɗe karɓa shekara mai zuwa ta sama, ita da kanta za ta taimaka. Ta kama hannun Gwaggo ta riƙe da hannu biyu, ta ce irin su ne ƙashin bayan aikin nan. Riƙon nan ya fi komai ƙona mata rai, gara a ce zaginta ta yi. Sannan yarinyar ta karɓi tsiron daga hannunta, ta mayar da shi raminsa, ta danna ƙasar da takalminta, ta gyara masa kwalinsa.

A rumfa ta yi jawabi gajere. Ta ce abin da ta gani ya faranta mata rai, za ta ba da shawarar a sabunta tallafin. Ta ce kuma za ta goyi bayan buƙatar da Dakta ya aika tun watan jiya, ta a faɗaɗa shingen har zuwa bakin rafi don a kare gangaren gaba ɗaya. Aka ɗauki tafi, mutum taran nan har da masu share hawaye. Gwaggo ta tsaya a bayan kujeru tana jujjuya maganar. Har bakin rafi, wato da hanyar awakin a ciki, wuri ɗaya tak da ya rage wa itacen. Tun watan jiya kuma, wato lokacin da yake rantse mata zai gyara a hankali, takardar ta riga ta tafi.

Kwana huɗu ta ce, kwana huɗun ne. Litinin da safe ta buɗe ƙofar shingen ta tarar da su duka a kwance, sun yi baƙi sun nannaɗe, fararen kwalayen na tsaye a kansu da lambobinsu. Ba ta yi kuka ba, fushin ya wuce nan. Tana tsaye ta ji wani abu ya faɗo ƙwas a bayanta. Kwanson farko na bana ne, ya sauko daga tsohuwar da ɓawonta ke ɗagawa. Ta ɗauka ta jujjuya, ba hudar ƙwaro tukuna. Ta kulle ƙofar ta gangara unguwar bayan tudu.

Shekara uku rabonta da ganin Mai Awaki ido da ido. Ta same shi a ƙofar gida yana tufka igiya. Garken da a da ke ɗaukar awaki arba'in yanzu uku ne a ciki, sauran ya sayar da su ɗaya bayan ɗaya tunda aka hana su tudu. Ta durƙusa ta gaishe shi. Ya amsa, bai ce ta tashi ba. Ta faɗi abin da ya kawo ta. Ya ci gaba da tufkarsa har sai da gwiwarta ta fara zogi, sannan ya ce kafin komai yana so ta maimaita masa abin da ta gaya masa ran nan a gaban leburori, don shi bai manta ba, yana so ya ji ko ita ta manta.

Ba ta manta ba. Ta ce ta ce masa ya kwashe tsiyarsa ya yi gaba, jahilci ne ke cinye ƙasar nan, shi da dabbobinsa ba a san wanda ya fi wani hankali ba. Ta faɗa duka, kanta a ƙasa.

"Haka ne, ba ki rage komai ba," in ji shi. "Tun ina bin mahaifina kiwo na san itacen nan bayan akuya yake bi. Kun zo da tef da takarda, ba wanda ya ce, Baba, yaya abin yake?"

Ya ce shi ƙafarsa ba za ta sake taka tudun nan ba. Amma awakin ba su yi rantsuwa ba. Ya tashi ya kwance su, ya miƙa mata igiya uku, ya ce ta kula da baƙar, tana tunkuyi, kuma ta dawo masa da su kafin rana ta faɗi.

Akwai hanyar baya, wadda ba mai ganinta. Gwaggo ba ta bi ta ba. Ta babbar ƙofar cibiya ta shigo, awaki uku na jan ta tana jan su, mai gadi ya miƙe da baki buɗe ya rasa ko ya gaishe ta ko ya tare ta. Ta bi ta gaban ɗakin gwaji, ta bi ta ƙarƙashin tagar mai labule, baƙar akuyar na ta kuka kamar an aiko ta. Kafin ta isa shingen Dakta ya riga ta, ya tsaya a bakin ƙofar yana haki.

Ya yi magana ƙasa-ƙasa don kada ma'aikatan da suka fara taruwa su ji. Ya ce yarjejeniya ce aka sa wa hannu, in dabba ta shiga filin nan dole ya rubuta, in ya rubuta kuma aikinta ne zai tafi, saura mata shekara biyu ta kai fansho. Ya ce ta tuna shi wane ne a wurinta.

"Na tuna," in ji ta. "Ka rubuta. Ai ka iya rubutu, shi ya kawo mu nan. Matsa, Dakta, ka tare musu hanya."

Ya dubi mabuɗin da ke hannunta, ya dubi ma'aikatan, ya dubi fuskarta. Sai ya matsa gefe, yadda yake matsawa yana yaro in tana shara ta iso inda yake zaune.

Ta buɗe ƙofar ta saki igiyoyin. Awakin suka ratsa ta cikin matattun tsirran ko shinshinawa ba su yi ba, baƙar ta ture kwali mai lamba sha bakwai da ƙafa, suka nufi gindin tsohuwar kai tsaye. Can sai aka ji ƙurus, ƙurus, suna tauna kwanso. Gwaggo ta zare kwaɗon daga jikin ƙofar ta jefa a jakarta. Ta samu dutse a inuwa ta zauna, ta miƙe ƙafar mai ciwo.

Ba wanda ya motsa daga jikin wayar. Can sai shugaban leburori ya leƙo ya tambaye ta, to yanzu me ake jira?

Ta ciro sabon littafin makaranta daga jakar, ta buɗe shafin farko, ta rubuta kwanan wata.

"Kashi," in ji ta. "Wanda ke da aiki ya tafi aikinsa, sai an ɗan jima."